Ku Komo Wata Mai Zuwa

Wanda ya taɓa zama a bakin ɗakin shari'a da safe ya san abin da za mu faɗa. Tun kafin ƙarfe tara jama'a sun cika baranda, waɗansu suna zaune a gindin itace, waɗansu sun jingina da bango. Ga tsoho wanda ya taso daga ƙauye tun da asuba saboda maganar gona, ya biya wa kansa da shaidunsa biyu kuɗin mota. Ga mace da goyo, ta zo ta ga mijinta sa'ad da za a sauko da shi daga motar gidan yari. A jikin ƙofa an manna takardar shari'un da za a yi a ranar, sunaye sun cika shafi, alƙali kuwa ɗaya ne. Can da rana ta ɗaga sai akawu ya fito ya kira suna. A shiga, a tsaya, kafin a yi minti biyar an fito. Lauyan ɗaya gefen bai zo ba, ko kuwa ɗan sandan da ya yi bincike an yi masa canji zuwa wata jiha, ko motar gidan yari ba ta da mai. An ɗaga shari'a. Ku komo wata mai zuwa.

Ba a ce tsohon nan ya yi laifi ba, ba a kuwa ce gonar ba tasa ba ce. Amma ya koma gida da hasarar kuɗin mota da yini guda na aikin gona, damina kuwa ba ta jiran kotu. Abin da mu ke so mu bincika tare da ku, masu karatu, shi ne wannan: jinkirin nan ƙaddara ce kamar fari da ambaliya, wadda ba a iya tuhumar kowa da ita, ko kuwa zalunci ne wanda ya ke da masu yinsa? In kuwa zalunci ne, wa ke yi, wa kuma ke biya?

Bari mu fara da inda abin ya fi ciwo, watau gidajen yari. A shekarar 2024 mutanen da ke tsare a gidajen yari na Nijeriya sun haura 80,000, wajen kashi biyu cikin uku kuwa ba a yanke musu hukunci ba tukuna, jiran shari'a su ke yi. Bisa ga doka waɗannan marasa laifi ne, gama Tsarin Mulki na 1999 ya ce kowane mutum mara laifi ne sai an tabbatar da laifinsa. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu kusa, ko kwana biyu in da nisa. Ya kuma ce wanda ya yi wata biyu a tsare ba a yi masa shari'a ba a sake shi, ko da sharaɗi ko ba sharaɗi. Sai dai an keɓe wanda a ke tuhuma da laifin da hukuncinsa kisa ne, ta wannan ƙofa kuwa mutane da yawa su ke shiga ba su fita.

Ga yadda a kan yi. An kama yaro, an rubuta masa fashi da makami. 'Yan sanda su kai shi gaban majistare, shi kuwa majistare ba shi da ikon yin shari'ar fashi da makami, ta Babbar Kotu ce. Abin da ya ke iya yi shi ne ya ce a ajiye yaron a gidan yari, a aika da takardunsa zuwa Ma'aikatar Shari'a domin lauyoyin gwamnati su duba ko akwai hujja. To, in takardun ba su tafi ba fa? In sun tafi sun ɓace a cikin tarin takardu fa? Majistare ya ce ba shari'arsa ba ce, Babbar Kotu ba ta san da yaron ba, ɗan sandan da ya kawo shi ya bar garin, gandiroba kuwa ba shi da ikon buɗe ƙofa sai da takardar kotu. Kowa ya yi aikinsa, ko kuwa kowa ya ce ya yi, yaro yana ciki. Wani mai gyaran jikin mota a Legas an kama shi a 2003, aka ajiye shi ta wannan hanya, ya yi shekara tara ba a yi masa shari'a ba, sai da kotun ƙasashen Afirka ta Yamma ta ce a sake shi a 2012. Shekara tara! Yaron da aka haifa ran da aka kama shi ya riga ya iya karatu.

Shari'ar dukiya ma haka ta ke. Akwai wata shari'ar fili wadda ɗaliban lauya duka su ke koyo, ta Ariori da Elemo. An shigar da ƙarar a Legas a 1960, shekarar da muka sami mulkin kai. Alƙalin farko bai yanke hukunci ba sai a 1975. Da magana ta kai Kotun Ƙoli, a 1983, sai kotun ta ce jinkirin ya yi yawa har ba za a amince cewa alƙalin ya tuna da yadda shaidu suka yi magana a gabansa ba, saboda haka a koma a sake shari'ar daga farko. Gaskiya kotun ta faɗa. Amma ku duba maganin: mutanen da suka jira shekara 23 aka ce su koma bakin layi.

A nan ne mu ke so mu tsaya kaɗan. Mutane su kan ɗauka cewa muddin alƙali bai buɗe baki ba, ba a yi wa kowa kome ba tukuna, ma'auni yana tsaye daidai. Ba haka ba ne. Kowace ranar da shari'a ta kwana, wani ne ke riƙe da gonar yana nomanta, wani kuwa yana kallo. Wani ne ke juya kuɗin bashin a kasuwa, wani yana neman na cefane. Wani yana kwana a gidansa bisa beli, wani yana kwana a ƙasa cikin ɗakin da aka gina domin mutum goma aka zuba arba'in. Ashe jinkiri shi ma hukunci ne, sai dai ba a rubuta shi ba, ba wanda ya sa masa hannu, ba kuwa inda za a ɗaukaka ƙara a kansa. Alƙalin da ya yi kuskure a kan iya gyara kuskurensa a kotu ta sama. Amma wace kotu ce za ta mayar wa mutum da shekara tara?

Hukuncin nan kuwa ba ya faɗuwa bisa kowa daidai, gama lokaci ba farashi ɗaya ya ke da shi ga mawadaci da matalauci ba. Mai ƙarfi ya kan sayi jinkiri kamar yadda a ke sayen kaya. Lauyansa ya tashi ya ce kotun nan ba ta da hurumi, a yi ta gardama wata shida, in bai ci ba ya ɗaukaka ƙara bisa wannan ɗan guntun batu har Kotun Ƙoli, ainihin maganar kuwa ba a taɓa ta ba. Kafin a komo shaidu sun mutu, ko sun gaji, ko sun manta. An gurfanar da Orji Uzor Kalu, wanda ya yi gwamnan Abiya, a 2007, ba a yanke hukunci ba sai a Disamba 2019. A Mayu 2020 Kotun Ƙoli ta rushe shari'ar duka, domin alƙalin da ya yi ta an riga an ɗaga shi zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara kafin ya komo ya ƙarasa ta. Ba mu ce mutumin ya yi laifi ba, ba mu kuwa ce bai yi ba, wannan ba aikinmu ba ne. Abin da mu ke nunawa shi ne, shi ya yi yawancin shekarun nan na jira a gidansa, har ya tsaya zaɓe ya ci. Mai gyaran mota kuwa ya yi nasa jiran a bayan ƙarfe. Doka ɗaya, ƙasa ɗaya.

Kada mu ɗora wa alƙalai dukan kayan. Da yawa daga cikinsu mutane ne masu aiki har su gaji. A kotuna masu yawa har yanzu alƙali da hannunsa ya ke rubuta kowace kalma da mai shaida ya faɗa, lauya ya yi tambaya, a dakata, alƙalami ya gama tafiya. In aka yi wa alƙali canji, ko ya yi ritaya, ko ya rasu, shari'ar da ya fara sai a sake ta daga tushe. Kotun Ƙoli ta Amurka alƙalai tara ne, amma su ke zaɓen shari'un da za su ji, ba su kan kai ɗari a shekara ba. Tamu kuwa an buɗe mata ƙofa, rigimar gona da ta sarautar ƙauye duk suna iya hawa har can, ga shi kuwa a ƙarshen 2023 alƙalanta sun ragu zuwa goma. A 2021 ma'aikatan kotuna suka yi yajin aiki daga Afrilu zuwa Yuni, domin gwamnoni ba su sakar wa sashen shari'a kuɗinsa ba. Kotuna suka rufe fiye da wata biyu, amma 'yan sanda ba su daina kamu ba.

Akwai wani abu kuma wanda ya kamata kowa ya sani. Tun daga gyaran Tsarin Mulki na 2010, shari'ar zaɓe tana da iyaka: kwana 180 a kotun farko, kwana 60 a ɗaukaka ƙara. Kwana ɗaya ba ya ƙaruwa. Domin a cika wannan, bayan kowane babban zaɓe a kan kwashe alƙalai daga kotunansu a tura su shari'ar zaɓe wata da watanni, shari'un talakawa su zauna su jira. Mun yarda cewa bai kamata a bar ƙasa ba a san shugabanta ba. Amma abin ya koya mana cewa masu yin doka sun san maganin jinkiri sarai. Da ciwon ya zo kansu sai suka ƙidaya kwanaki suka rubuta su inda ba mai iya taɓawa.

Wani zai ce, to, ai sai a yi sauri. Dattawanmu su kan tuna da zamanin kotun alƙali ta En'e, inda a kan kai ƙara da safe a gama kafin azahar, ba lauya, ba ɗaga shari'a. Gaskiya ne akwai sauri, akwai kuma alƙalai masu ilimi da tsoron zalunci a cikinsu. Amma kada daɗin tuna baya ya sa mu manta da abin da ya sa aka taɓa tsarin. A lokacin nan sarki shi ke da 'yan doka, shi ke da gidan yari, shi ke naɗa alƙali, yana kuma da tasa majalisar shari'a. Wanda ya saɓa da hukuma a siyasa ya san abin da saurin nan ya ke nufi. Kukan da ƙananan kabilu suka kai gaban hukumar Willink, wadda ta ba da rahotonta a 1958, har da maganar kotuna a ciki. A shekarar nan gwamnatin Jihar Arewa ta kira masanan shari'a, shugabansu kuwa Babban Jojin Sudan ne, Muhammad Abu Rannat, daga shawararsu aka yi sabuwar dokar hukunta laifuffuka wadda ta fara aiki a 1960. Daga baya, a 1967 da 1968, aka soke kotunan sarakuna, aka raba alƙalai da En'e aka mai da su ƙarƙashin Babban Joji. Kowane mataki da ke cin lokaci a shari'a, watau a gaya wa mutum abin da a ke tuhumarsa da shi, a bar shi ya nemi lauya, ya yi wa shaidu tambaya, ya ɗaukaka ƙara, an sa shi ne domin an taɓa cutar wani sa'ad da babu shi.

Shari'ar da ta fi kowace sauri kuwa ita ce ta taron jama'a a bakin hanya. A Oktoba 2012 aka kashe ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal a ƙauyen Aluu, domin wani ya yi ihun ɓarawo. A Maris 2025 aka tare mafarauta 16 a Uromi cikin Jihar Edo, suna kan hanyarsu ta komawa Kano, aka kashe su domin an ce masu satar mutane ne. Ba wanda ya ɗaga waɗannan shari'u zuwa wata mai zuwa. Ba mu ce jinkirin kotu ne kaɗai ya haifi irin wannan mugunta ba, akwai ƙiyayya a ciki, akwai tsoro, akwai taurin zuciya. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da irin taron nan ya ji abin da a ke faɗa: in an kai shi wurin hukuma, gobe za ku gan shi yana yawo. Maganar nan ita ce ma'aunin amincewar jama'a. Sa'ad da mutane suka fid da rai daga ɗakin shari'a ba su kan zauna haka kawai ba, su kan kai ƙararsu wani wuri: wurin 'yan banga, wurin soja, wurin boka, wurin mai gidan rediyo, ko wurin sanda da fetur.

Saboda haka abin da mu ke bin hukuma bashi ba sauri kawai ba ne. Lokacin da a ke kashewa domin a gano gaskiya hakkin shari'a ne, a ba ta shi. Lokacin da a ke kashewa domin takarda ta ɓace, ko domin wani yana cin ribar jira, sata ce, ko da ya ke ba a ga hannun ɓarawo ba.

An yi ƙoƙarin gyara, bai kamata mu yi musun wannan ba. Dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka ta 2015 doka ce mai kyau ƙwarai, jihohi kuma suka yi nasu irinta, Kaduna a 2017, Kano a 2019. Ta ce ajiyar da majistare zai yi kada ta wuce kwana 14 a karo ɗaya, in za a sabunta sai an kawo dalili, sabuntawar kuma tana da iyaka. Ta ce in an fara shari'a a yi ta kullum kullum, in ba zai yiwu ba kada kowane gefe ya nemi ɗagawa fiye da sau biyar. Ta hana a tsai da shari'ar laifi domin wani ya ɗaukaka ƙara bisa guntun batu. Ta ce majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sanda kowane wata ya duba waɗanda ke tsare. Dokar gidajen yari ta 2019 ta sāke musu suna zuwa gidajen gyaran hali, ta ba da hanyar hukunci ba tare da ɗauri ba, kamar aikin gayya domin jama'a, har ta ba shugaban gidan yari ikon ƙin karɓar sabon mutum in gidan ya cika, bayan ya sanar da hukuma an ƙi yin kome. An buɗe kotunan ƙananan basusuka a Legas a 2018, a Kano a 2019, inda mutum ke iya tsayawa da kansa ba lauya, a gama cikin kwana 60. A Fabrairu 2024 aka rantsar da alƙalai 11 a Kotun Ƙoli suka zama 21, a shekarar kuma aka ƙara wa alƙalai albashi.

Duk da haka shekara tara bayan dokar 2015 masu jiran shari'a suna nan kashi biyu cikin uku. A Nuwamba 2023 Ma'aikatar Cikin Gida ta fara sakin mutum 4,068 waɗanda ke ɗaure domin sun kasa biyan tara ko diyya, da naira miliyan 585 da aka tara daga masu taimako. Abin alheri ne, mun yi murna da shi. Amma kwalfe ruwa ne daga ɗakin da ke yoyo.

Me ya sa doka mai kyau ba ta komo da amincewar mutane ba? Domin jama'a ba su karanta doka, alƙali su ke kallo. A Nuwamba 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukunci bisa zaɓen gwamnan Kano, da takardar hukuncin ta fito sai aka ga wani sashe nata ya saɓa wa abin da aka karanta a fili, kotun ta ce kuskuren rubutu ne. A Mayu 2024, bisa rikicin sarautar Kano, kotun tarayya ta ba da umarni, kotun jiha ta ba da kishiyarsa, har Babban Jojin Nijeriya ya kira shugabannin kotunan biyu. Ba mu shiga gefen kowa ba cikin waɗannan. Amma mai sayar da goro a Kurmi ya ji labarin, ya kuwa yanke nasa hukunci bisa kotuna duka, har da alƙalin kirki na ƙauyensu wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Masu karatunmu sun san labarin Musa sa'ad da jama'a su ke tsaye kewaye da shi tun safe har yamma suna jiran shari'a, surukinsa Yetro ya ba shi shawara ya raba aikin, ƙananan al'amura ga ƙananan alƙalai, manya su zo gare shi. Mu kan tuna da rabon aikin, mu manta cewa tsohon ya fara ne da faɗin irin mutanen da za a zaɓa, masu gaskiya waɗanda ke ƙin cin hanci. Ƙara kujeru abu ne mai sauƙi, ko a wata ɗaya a kan yi shi.

Yanzu sai mu juyo wajen kanmu, gama in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Wa ke cika kotunan nan? Mutum yana bin maƙwabcinsa kuɗin buhu biyu na taki, maimakon ya kai ƙarar bashi sai ya tafi wurin 'yan sanda ya ce an cuce shi da zamba, domin ya san kwana uku a bayan kanta sun fi sammaci sa mutum biya. Dokar 2015 ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa alkawarin ciniki, ta kuma hana kama uba ko mata a madadin wanda ya gudu, amma mu ne ke zuwa mu roƙa a yi. Mun ga abin da ya faru da idonmu, amma ran da aka kira shaidu sai mu ce ba ruwanmu da kotu, a ɗaga shari'a saboda mu, sa'an nan mu zauna a inuwa mu ce alƙalai ba su aiki. An ba ɗan unguwarmu beli, ba a sami mai tsaya masa ba, ya ƙara wata shida a ciki. 'Yan'uwa biyu suna shari'ar gadon da bai kai kuɗin lauyoyinsu ba, dattawa sun yi sulhu sun ƙi, wanda aka kayar ya ɗaukaka ƙara, ba domin yana tsammanin zai ci ba, sai domin kada ɗan'uwansa ya ci da wuri. Kowace irin wannan shari'a kujera ce ta tsare a layi, a bayanta kuwa akwai wanda ke jira a kurkuku.

Akwai tambaya ɗaya mai wuya wadda ba za mu kewaye ta ba, gama an sha yi mana ita. Mace ce, ƙanenta ya yi wata takwas a ajiye. Wani ma'aikaci ya ce mata in ta kawo ɗan abu zai nemo takardun ya sa su a sama. Ba ta neman a karkatar da hukunci, so ta ke kawai a yi shari'ar da doka ta riga ta ce a yi. In ta bayar, ta yi laifi?

Mun daɗe muna juya wannan a zuciya. Ba za mu iya jifanta da dutse ba. Wanda ya ɓoye takarda domin a biya shi ya fito da ita, laifinsa ya fi nata nesa ba kusa ba, kamar yadda mai tare hanya ya fi wanda ya miƙa jakarsa laifi. Amma ba za mu iya ce mata ba kome ba. Takardar da aka ɗora a sama, a bisa ta wani aka ɗora ta, wanda 'yar'uwarsa ba ta da abin bayarwa. Kuɗin nan kuma shi ke koya wa ma'aikacin cewa ɓatan takarda sana'a ce, gobe zai ɓatar da biyu. Ta haka ne jinkiri ke ciyar da kansa: wahalar jira ta sa a biya, biyan ya sa a ƙara jinkirin. Ita kaɗai ba za ta iya tsinke igiyar nan ba, rashin adalci ne ma a ce ita za ta tsinke ta da ran ƙanenta. Abin da ya sa ta tsaya ita kaɗai a gaban tagar akawu shi ne abin da ya kamata mu tambayi kanmu. Da mutum biyar daga cikin masu karanta wannan shafi sun raka ta, ɗaya daga cikinsu ya iya rubuta wasiƙa, da wuya ma'aikacin ya faɗi abin da ya faɗa.

Hanyoyin kuwa suna nan, ko da ya ke ba su da sauri kamar cin hanci. Hukumar ba da lauya kyauta ga marasa ƙarfi, wadda aka kafa a 1976, tana da ofis a manyan biranen jihohi. Babban Jojin jiha yana da ikon shiga gidan yari ya saki wanda aka tsare ba bisa ka'ida ba, ko wanda zamansa na jira ya wuce ɗaurin da za a yi masa in an same shi da laifin, su kan kuwa yi wannan ziyara lokaci lokaci. Amma sunan da aka kai gabansa shi ya ke dubawa. Wanda ke da ɗan'uwa a ajiye, ya nemi abu huɗu ya rubuta a takarda: ranar da aka kama shi, kotun da ta ba da umarnin ajiya, lambar shari'ar, da ranar da aka kai shi kotu ta ƙarshe. Ya yi kwafi uku, ɗaya ga ofishin lauyoyin kyauta, ɗaya ga magatakardan Babbar Kotu domin Babban Joji, ɗaya kuma ya riƙe a hannunsa, da hatimin ranar da aka karɓi sauran.